Mega 10, mutum 9: yaya zan raba intanet ɗin ofis kowa ya samu rabonsa?

Akanta_Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masu sanin harkar. Ofishinmu na lissafin kuɗi ne a nan Garwa, muna riƙe wa 'yan kasuwa takardunsu da bayanan harajinsu. Mu 9 ne har da maigida. Layinmu mega 10 ne, rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ɗaya ce ta TP-Link a kan kabad ɗin falo. Da sassafe komai garau, amma daga ƙarfe 10 zuwa azahar ko imel ba ya buɗewa. Kun san bayanin harajin wata dole ya shiga kafin 15 ga wata ta wuce. Ranar 14 ga watan jiya wani Alhaji mai shagon siminti yana zaune a gabana, shayinsa har ya huce, ni kuma ina kallon shafi yana ta juyawa kusan minti 40. Na leƙa ɗakin baya na tarar da yaron da ke koyon aiki yana kallon bidiyo, na yi masa faɗa sosai. Ya rufe, amma abin bai gyaru ba. Akwai hanyar da zan raba layin nan kowa ya samu rabonsa, ko dai dole mu ƙara mega?

Dan_Yelwa: Wa alaikumussalam. Canza kalmar sirri yau ɗin nan. Na tabbata rabin unguwa na kan layinku.

Bappa_Kollere: Mega 10 ga mutum 9 ai ya yi kaɗan. Ku ƙara kuɗi ku hau 20 ku huta.

Injiniya_Ngaundere: Malam Akanta, kar ka kashe ko sisi tukuna. Yi min abu uku. Shiga cikin rautar ta burauza, adireshin yana rubuce a ƙasanta, ka duba jerin na'urorin da ke haɗe ka ƙirga su. Sannan ka ɗauki kwamfuta ɗaya ka haɗa ta da kebul kai tsaye, ka auna da Speedtest da ƙarfe 7 na safe kafin kowa ya zo, ka sake aunawa ƙarfe 11. Ka rubuto mana lamba uku kowane karo: saukewa, ɗorawa, da ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ƙaramar lamba ta fi kyau. Kuma ka sani megan da ake sayar muku megabit ne, shi kuwa girman fayil da megabait ake auna shi, bit 8 ke yin bait ɗaya. Ke nan mega 10 ɗinku bai wuce megabait 1.25 a daƙiƙa ba, shi ne kuke rabawa ku duka.

Bappa_Kollere: To ai maganata ke nan, ya yi kaɗan.

Injiniya_Ngaundere: A'a Bappa. Cike fom da aika imel ba sa cin komai. Na ga ofis mai mutum 15 yana aiki lafiya da mega 10, na kuma ga mai mutum 6 yana kuka da mega 30. Idan ba a tsara rabo ba, duk abin da ka ƙara wanda ya fi haɗama ne zai shanye.

Akanta_Garwa: Na yi yadda ka ce Injiniya. Na'ura 23 na gani, ni da nake zaton 9! Kwamfutoci 7, firinta 1, sauran duk wayoyi ne, wasu ban san masu su ba. Da safe: saukewa 9.4, ɗorawa 1.9, ping 58. Ƙarfe 11: saukewa 2.1, ɗorawa 0.2, ping ya haura 900.

Dan_Yelwa: Ban faɗa ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Hajiya_Domayo: Ɗana, canza kalmar sirrin kaɗai ba ya magani, ni na gwada. Ina da shagon buga takardu da hoto a Marwa, yara huɗu ke min aiki. Sau uku ina canzawa cikin wata ɗaya, kwana biyu sai na ga masu babur sun dawo gindin dalbejiyar ƙofar shagona kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Na ɗauka wani cikin yaran ke faɗa musu, har na fara zargin ɗaya. Ashe ni da hannuna nake sa wa yaran kalmar ba tare da sun gani ba, amma wayar Android tana iya nuna ta a matsayin lambar QR, wani ya ɗauka da kyamara shi ke nan ya shiga. Yaron da ya nuna min ya ce bai ɗauka laifi ba ne, abokinsa ne ya roƙa.

Injiniya_Ngaundere: Haka ne Hajiya, tun Android 10 aka sa wannan. Shi ya sa wayoyi ba sa hawa layi ɗaya da kwamfutocin aiki a duk inda na yi saiti. A buɗe musu wifi na baƙi daban, yawancin rautoci suna da shi, a sa masa iyaka.

Amma Malam Akanta, lambar da ta fi jan hankalina ita ce ta ɗorawa. Daga 1.9 ta faɗo 0.2, ping kuma ya kai 900. Wannan yana nuna akwai wanda ya cika hanyar fita taf. Mutane suna sa ido kan mai kallon bidiyo, alhali sau da yawa mai ɗorawa ne ke shaƙe ofis. Duk shafin da za ka buɗe sai ka fara aika buƙata, kuma duk abin da kake saukewa kwamfutarka tana mayar da ɗan saƙo cewa ya iso, a turo na gaba. Idan hanyar fita ta cika, waɗannan ƙananan saƙonnin sai sun bi sahu bayan manyan kaya, sai saukewar ma ta tsaya.

Direba_Kusiri: Na gane wannan. Kamar gadar Ngeli ce ranar da tireloli suka yi jerin gwano za su shiga Njamena. Kai kana kan babur da takarda ɗaya a aljihu, amma idan aka ce kowa ya bi sahu ɗaya sai ka wuni a bayan tirelar siminti.

Injiniya_Ngaundere: Allah ya yi maka albarka, ka bayyana shi fiye da ni. Aikin da za a yi shi ne a buɗe wa babur gefensa.

Malam_Liman_Lopere: Ni ba masanin na'ura ba ne, amma maganar mutanen da ke shiga ba izini ta tsaya min. Layin nan dukiyar maigida ce, ma'aikaci kuma amana aka ba shi. Wanda ya ba abokinsa kalmar ba da sanin mai ita ba ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, ko da niyyarsa alheri ce. A faɗa wa yaran da lalama, da yawansu ba su taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Zara_Kakatare: Malam, gaskiya ne, amma haƙƙin maƙwabtaka fa? Telan da ke jikin ofishinmu shi ke karɓar mana saƙo idan mun tashi, shi ke sa ido kan baburanmu. Hoton ɗinki kawai yake turawa kwastomominsa ta WhatsApp. Kunya ba za ta bar ni in ce masa na yanke shi ba.

Malam_Liman_Lopere: 'Yata, ban ce a hana maƙwabci ba. Na ce mai abu ne zai bayar. A je wa maigida a ce ga tela, a ba shi, sai ladan ya zama na kowa.

Dan_Yelwa: Matsalar ba telan ba ce. Ka ba tela, tela ya ba yaronsa, yaron ya ba 'yan majalisarsu. Nan da mako guda ana kallon ƙwallo da layinka.

MikroTik_Baladji: Ku bar zagaye-zagaye. A sayi rautar MikroTik ƙarama a gama. Kamfanin Latbiya ne, kuma mu masu sayar da tikitin wifi a unguwar ɗalibai ta Dang kusan dukkanmu da ita muke aiki. Akwai tsari a cikinta da ake kira PCQ. Ba ya ce wa kowa ga mega 1 ka riƙe ko kana amfani ko ba ka yi. Yana duba mutum nawa ne ke ja a wannan daƙiƙar ya raba musu daidai. Idan mutum ɗaya ne ya sha duka, idan uku ne kowa ya samu kashi ɗaya cikin uku. Ka sa iyakar saukewa a mega 9, ta ɗorawa a 1.7, wato ƙasa kaɗan da abin da ka auna da safe. Dalili, so ake cunkoson ya taru a cikin na'urarka inda kake da ikon tsara sahu, maimakon ya taru a modem ɗin kamfani inda ba ka da ta cewa. Samfurinta da ake kira hAP lite ta ishi mega 10, sai dai wifinta na zangon 2.4 GHz ne kawai. Ni da samfurin hEX zan saya wadda ba ta da wifi, in bar TP-Link ɗin tana ba da wifi a bayanta.

Usman_Lagdo: Ni na sayi MikroTik na bi duk abin da aka ce, na sa iyaka, ba abin da ya canza. Tana nan cikin kwali.

MikroTik_Baladji: Fito da ita yaya Usman. Na san abin da ya same ka. A saitin da take zuwa da shi akwai doka a cikin Firewall mai suna FastTrack, wadda ke tsallakar da kaya ba tare da sun bi ta wurin rabon ba. Sai ka kashe ta ka sake kunna na'urar kafin iyakar ta fara aiki. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe.

Kuma Malam Akanta, idan ka bar TP-Link a baya ka mayar da ita mai ba da wifi kawai, ka kashe mata DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi. In ba haka ba MikroTik za ta ga duk ofishin a matsayin mutum ɗaya, ba abin da za ta raba.

Injiniya_Ngaundere: Ban ƙi PCQ ba, yana aiki. Amma ga wanda ba sana'arsa ba ce, saitin MikroTik yana da ruɗani, ranar da ta rikice sai ya nemo wani ya biya. Idan rautar da ke hannu tana karɓar OpenWrt, manhajar rauta da ake samu kyauta, akwai SQM a ciki, wato tsarin tsara sahun kaya. Ka zaɓi salon rabon da ake kira CAKE, ka rubuta lamba biyu, ta saukewa da ta ɗorawa, kamar kashi 90 cikin 100 na abin da ka auna. Shi da kansa zai raba tsakanin na'urori ya kuma bar ƙananan saƙonni su wuce gaba.

MikroTik_Baladji: RouterOS 7, manhajar MikroTik, ma tana da CAKE yanzu. Kuma sa OpenWrt a rauta ga wanda bai iya ba, kuskure ɗaya ta mutu, ofis ya wuni ba intanet. Wanne ya fi haɗari?

Injiniya_Ngaundere: Wannan gaskiya ce, kar ya gwada a kan rautar ofis ita kaɗai, balle ana kusa da 15 ga wata.

Mahamat_Njamena: Duk wannan bayanin na masu layin da aka ja musu ne. Mu a nan akwatin 4G muke sa wa SIM, ko Airtel ko Moov, mu sayi giga. Namu ciwon daban ne: ƙarfin yana hawa yana sauka, da asuba ka ga mega 20, da yamma 3. Wace lamba zan rubuta a matsayin iyaka? Sannan giga 50 da muka saya don wata guda ta ƙare cikin kwana 12, ba wanda ya san inda ta bi.

Injiniya_Ngaundere: A 4G ka auna a lokacin aiki na kwana uku ko huɗu, ka ɗauki lambar da layin ya saba bayarwa a lokacin cunkoso. Za ka yi asarar saurin asuba, amma ba asuba kake aiki ba. Maganar giga kuwa, fara da Windows. A kowace kwamfuta ka shiga saitin wifi ka nuna mata cewa layin na awo ne, sai ta rage saukar da manyan sabuntawa da kanta. Kar dai ka bar su haka har abada, ka ware rana ɗaya a wata ka sabunta su saboda tsaro. Sannan YouTube: 1080 yana cin kusan mega 5 shi kaɗai, 720 kusan biyu da rabi, 360 bai kai mega ɗaya ba. Awa ɗaya a 1080 ta haura giga 2.

Mahamat_Njamena: Maƙwabtanmu sun sa Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, tunda ya fara aiki a Chadi a 2025, sun ce sun manta da wannan maganar.

Bappa_Kollere: Yauwa! Akanta ku sa Starlink kawai.

Hajiya_Domayo: Bappa a yi hankali, dokar Chadi daban ta Kamaru daban. A watan Afrilun 2024 kwastan ta ba da umarnin kama na'urorin da ake shigowa da su saboda ba lasisi. Ofishin da ke riƙe wa mutane takardun haraji bai kamata ya sa abin da bai tabbatar da halaccinsa ba. Ya fara tambayar hukumar ART mai kula da harkar sadarwa kafin ya fitar da kuɗi.

Usman_Lagdo: Kuma ba duk jinkiri ne daga cikin ofis ba. Kun manta 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Kodebuwa? WACS da SAT-3 da MainOne da ACE duk a rana ɗaya. Intanet ɗinmu yana fitowa ne tun daga Duwala da Limbe da Kiribi kafin ya hauro arewa, wani ma ya zarce Chadi ta Kusiri. Ranar na kusa fasa rautata ina zaton ita ce.

Injiniya_Ngaundere: Shi ya sa na ce ya auna da safe da kebul. Nasa ya ba shi 9.4 cikin 10, ke nan kamfani ya kawo abin da ya sayar. Wannan karon ciwon cikin gida yake.

Dan_Yelwa: To a toshe YouTube da TikTok da Facebook baki ɗaya. Ofis wurin aiki ne.

Aisha_MaiKoyo: Ku yi haƙuri iyayena in sa baki, ni ma mai koyon aiki ce. Tun farkon zancen nan raina yake kan yaron da aka yi wa faɗa. An tambaye shi me yake kallo? Ni duk abin da na iya a Excel a YouTube na koya, domin manyan ofis ba su da lokacin zama su nuna min. Ba a biyanmu abin da za mu sayi giga da shi. Idan aka toshe, an toshe mana makaranta. A rage mana sauri ban damu ba, zan kalla a 360. Amma duk lokacin da intanet ya yi nauyi ƙaramin cikin ofis ake fara kallo, wannan yana da ciwo.

Malam_Liman_Lopere: Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. A bincika kafin a tuhuma.

MikroTik_Baladji: Toshewar ma wahala ce kawai. Yau ka toshe, gobe sun sa VPN. Haka tace wayoyi da lambar MAC, wato lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, wayoyin yanzu suna ƙirƙirar lambar bogi ga kowane wifi, iPhone tun iOS 14. Ka toshe mutum ya canza lamba ya dawo. Rabo daidai ya fi: mai kallon bidiyo ya ci nasa kason, bai taɓa na mai cike fom ba.

Zara_Kakatare: To maigida fa? Namu cewa ya yi shi ke biya, kar a sa wa wayarsa da kwamfutarsa iyaka.

Bappa_Kollere: Ai yana da gaskiya, kuɗinsa ne.

Injiniya_Ngaundere: Kuɗinsa ne, kuma aikinsa ne ke tsayawa. Ni aiki nake ba fifiko: kwamfutar da ake shigar da bayanai, da wadda ake taron Zoom a kanta. Waɗannan biyun ma a ja musu kebul, a ɗauke su daga wifi gaba ɗaya.

Direba_Kusiri: Ku sa batir ma a lissafi. Lokacin zafi wuta tana yawan ɗaukewa, rauta da modem kuwa yawanci volt 12 suke ci, ƙaramin batir yana riƙe su awanni.

Akanta_Garwa: Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Jiya na roƙi kowa ya kashe wifin wayarsa ƙarfe 11, na bar ping yana gudana a kwamfutata, muka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Lambar tana zaune a 60, 65. Yaron ya kunna tasa, har na ce ya buɗe bidiyon, ta ɗan motsa zuwa 80 ta dawo. Da aka zo wayar maigida, kafin a ƙirga goma ta haura 800. Ashe bikin 'yarsa da aka yi, duk bidiyon da ya ɗauka Google Photos ke ɗorawa, kuma an saita ta sai ta ga wifi, shi kuwa ba shi da wifi a gida. Kullum ƙarfe 10 yake shigowa. Saura giga 14 ba su hau ba. Injiniya ya duba min lissafina: a mega 2, giga ɗaya tana cin fiye da awa ɗaya. Shi kansa bai san wayar na yi ba, ya riƙe baki yana salati. Kwamfutoci uku kuma suna jan sabuntawar Windows a lokaci ɗaya.

Aisha, maganarki ta shige ni. Na kira yaron gaban waɗanda na yi masa faɗa a gabansu na ba shi haƙuri. Darasin lissafin albashi yake kallo ranar.

Aisha_MaiKoyo: Allah ya saka maka da alheri Baba.

Dan_Yelwa: To amma wayoyin da ba ka san masu su ba fa? Har yanzu ina nan kan bakana.

Akanta_Garwa: Shida ne ba namu ba. Biyu na masu gadin layin shagunan ne, ɗaya ta mai shayi, uku har yanzu ban gano ba. Maigida ya ce a bar masu gadi da mai shayi. Na buɗe wifin baƙi na mayar da duk wayoyi can. Na ga rautarmu tana da wurin sa iyakar sauri, na ba wayoyin duka mega 3 na saukewa da rabin mega na ɗorawa. Maganar sayen MikroTik ya ce sai bayan 15 ga wata, ya ga yadda wannan zai yi.

Hajiya_Domayo: Wayar maigidan tana cikin waɗanda aka mayar?

Akanta_Garwa: Ita ce ba mu gama magana a kanta ba Hajiya. Ya yarda ya dakatar da ɗorawar da rana, amma bai yarda a sa shi layi ɗaya da mai shayi ba.

MikroTik_Baladji: Iyakar dunƙule irin wannan za ta kare kwamfutocin, amma a cikin mega 3 ɗin waya ɗaya tana iya danne sauran, za ka ji ƙorafi. Can ne PCQ zai yi maka amfani.

Injiniya_Ngaundere: Maigida ya bar wayar a ofis daren Juma'a a jikin caja, giga 14 a mega 2 kusan awa 16 ne, kafin azahar ɗin Asabar ta gama. Ranar 14 kuma ka sake aunawa ƙarfe 11 ka kawo mana ping ɗin.

Mahamat_Njamena: Injiniya, ni fa ban ga wurin layin awon nan ba a kwamfutar da ke haɗe da kebul. A ina yake?